Haruffan Ingilishi: Rubutu Daban, Faɗi Daban

  Ga mu kuma a filinmu na kowane wata, inda muke zance a kan karatu da rubutu.

A wannan wata za mu ɗauki wata tambaya da ke yawan fitowa a azuzuwan yaƙi da jahilci, balle na garuruwan bakin iyaka. Mutum ya yi watanni yana zuwa aji. Ya iya karanta wasiƙa. Ya iya rubuta sunansa da lissafin buhunansa. Sai ya je kasuwa ya sayo taki ko maganin dabbobi. Ya duba jikin kwali, ya ga haruffan da ya sani. Ya haɗa su yadda aka koya masa, ya faɗa. Mai kanti bai gane ba, ɗan lakwal kuma ya yi dariya. Sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce ashe karatun nan bai kai ko'ina ba. Har akwai masu barin aji saboda haka.

To, ku saurara. Karatunku ba shi da laifi. Abin da ke jikin kwalin Ingilishi ne. Haruffanmu da nasu sun yi kama, amma kama da wane ba wane ba ne. A Hausa, abin da harafi ya faɗa yau shi zai faɗa gobe. A Ingilishi, harafi ɗaya yana canza murya daga kalma zuwa kalma.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500. Mutanen Maraɗi na cin kasuwar Jibiya. Na Ƙonni na shiga Illela. Na jihar Damagaram na kai dabbobi Maigatari. Na Gaya na zuwa Kamba. Kaya da yawa da ke shigowa daga can, da Ingilishi aka rubuta bayaninsu: taki, maganin ƙwari, maganin dabbobi, injin ban ruwa, wayar salula. Samarinmu masu zuwa cin rani Najeriya da Gana, can ma Ingilishi ne harshen ofis. Ban da haka, a shekara ta 2025 sabuwar dokar ƙasarmu ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan za mu yi ta gamuwa da wannan rubutu. Gara mu san halinsa.

Haruffa 26, sauti wajen 44

Ingilishi yana da haruffa 26. Amma masana sun ƙirga sautukan da ke fita daga bakin mutumin Ingila, sun samu wajen 44. Ku dubi lissafin. Kamar gona 44 ce, ma'aikata 26. Dole wani ya yi aikin mutum biyu ko uku.

Wasula ne suka fi shan wahala. Guda 5 ne, irin namu: a, e, i, o, u. Amma sautin wasali a Ingilishi ya kai wajen 20.

Kafin mu shiga misalai, ga gargaɗi. Zan rubuta yadda ake faɗin kowace kalma da haruffan Hausa. Kwatance ne kawai, don akwai sautukansu da babu a bakinmu.

Wasula

Mu fara da harafin a. A Hausa, a ɗin “gona” da a ɗin “rago” duk a ne. Ga shi a Ingilishi:

“bag”, buhu ko jaka, ana cewa bag.
“farm”, gona, ana cewa fam, a ja wasalin.
“date”, kwanan wata, ana cewa deit.
“water”, ruwa, ana cewa wota.
“many”, da yawa, ana cewa meni.

Harafi ɗaya, murya biyar.

Ga harafin o:

“pot”, tukunya, ana cewa pot.
“go”, tafi, ana cewa gou.
“do”, yi, ana cewa du.
“money”, kuɗi, ana cewa mani.
“women”, mata, ana cewa wimin.

Ku dubi “go” da “do”. Harafin farko kaɗai ya raba su, amma ƙarshensu bai yi kama a kunne ba.

Harafin i yana nan yadda muka san shi a “milk”, madara. Amma a “rice”, shinkafa, ya koma ai, ana cewa rais. Harafin u yana nan a “put”, ajiye. A “cut”, yanka, ya koma kusa da a, ana cewa kat. A “urea”, takin nan fari da muke sa wa hatsi da shinkafa, ya koma yu, ana cewa yuriya.

Akwai wata ƙa'ida mai taimako. In kalma ta ƙare da e, galibi ba a faɗinsa, amma yana canza wasalin da ke tsakiya. “Hat”, hula, hat ne. In an ƙara e ya zama “hate”, ƙi, sai a ce heit. “Bit”, ɗan guntu, bit ne. “Bite”, cizo, bait ne. Sai dai ƙa'idar tana da ƴan tawaye. “Give”, bayarwa, giv ne. “Come”, zo, kam ne.

In kun ga ee, ku faɗi i mai tsawo. “Seed”, iri, sid ne. “Sheep”, tunkiya, ship ne da jan wasali. In ba ku ja ba, kun ce “ship”, jirgin ruwa. In kun ga oo, galibi u ne, kamar “food”, abinci, fud. Amma “blood”, jini, blad ne. Shi kuwa ea, a “meat”, nama, mit ne. A “head”, kai, hed ne. A “break”, karya, breik ne.

Baƙaƙe

Labari mai daɗi shi ne, baƙaƙe da yawa suna nan yadda kuka san su: b, d, f, k, l, m, n, r, t, z. Kaɗan ne masu baki biyu, kuma kun daɗe kuna faɗinsu daidai ba ku sani ba. Kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi, da kunne aka aro su. Don haka su ne malamanmu a nan.

Harafin c. A Hausa shi ne na “ciki” da “ciyawa”. A Ingilishi yawanci k ne ko s. In e, ko i, ko y suka biyo bayansa, s ne. Shi ya sa “cement” muke ce masa siminti, “office” muke cewa ofis. A sauran wurare k ne: “cow”, saniya, kau. “Camel”, raƙumi, kamal.

To, ina c ɗinmu yake? Suna rubuta shi da haruffa biyu, ch. “Change” shi ne canji. “Charge” shi ne cajin da muke yi wa salula. Amma shi ma ch ɗin bai tsaya wuri ɗaya ba. A “cholera” k ne, shi ya sa muke cewa kwalara. A “machine” sh ne, shi ya sa muke cewa mashin.

Harafin g. A “goat”, akuya, g ne irin namu, gout. Gaban e, ko i, ko y, sau da yawa yakan koma j. “Engine” shi ne injin. “General” shi ne janar na soja. Ƴan tawayensa su ne irin “get” da “give”, inda ya tsaya g.

Harafin s. A “sun”, rana, s ne, san. A “nose”, hanci, z ne, nouz. A “sugar”, sukari, sh ne, shuga.

Akwai kuma th, wanda babu shi a Hausa. Ana sa bakin harshe tsakanin haƙora, a huro iska. Wanda ya yi karatun allo ya san irinsa a Larabci. Ɗaya shi ne harafin farko na kalmar da muka samo “Talata” daga gare ta, kamar a “three”, uku. Ɗayan shi ne harafin farko na kalmar da muka samo “zikiri”, kamar a “this”, wannan.

Sai p, q, v da x, waɗanda ba mu aiki da su a kalmominmu na asali. Ku lura da p da f. Mu ba mu raba su, su kuwa suna rabawa. “Pull” ja ne, “full” cikakke ne. Wurin faɗin p ana rufe leɓɓa sarai, sannan a buɗe.

Haruffan da ba su magana

A ajinmu muna cewa kowane harafi a faɗe shi, kada a tsallake. A Ingilishi akwai haruffan da ke zaune cikin kalma kamar baƙon da bai ce uffan ba.

“hour”, ba a faɗin h. Ita ce awa da muke cewa.
“knife”, wuƙa, ba a faɗin k: naif.
“write”, rubuta, ba a faɗin w: rait.
“lamb”, ɗan tunkiya, ba a faɗin b: lam.
“calf”, maraƙi, ba a faɗin l: kaf.
“night”, dare, ba a faɗin g da h: nait.

Mutanen Ingila da na Najeriya galibi ba su faɗin r na ƙarshen kalma, shi ya sa “water” ya zama wota. Mutanen Amurka kuwa suna faɗinsa. Har su masu harshen, bakinsu bai zo ɗaya ba.

Ga wanda ya fi duka rikici. Haruffa huɗu ne a jere: o, u, g, h.

“plough”, garma: plau.
“drought”, farin rashin ruwa: draut.
“cough”, tari: kof.
“enough”, ya isa: inaf.
“bought”, ya saya: bot, a ja wasalin.
“through”, ta cikin: thru.

Babu wata dabara a nan sai hadda. Ƴaƴan Ingila ma hadda suke yi a lakwal. Har gasa ake shiryawa a Amurka don a ga yaron da ya fi iya jera haruffan kalma.

Daga ina wannan ya samo asali?

Ba da gangan suka yi ba. Tarihi ne ya jawo.

Na farko, haruffan ba don Ingilishi aka yi su ba. Na mutanen Rum ne, masu harshen Latin. Masu wa'azin addinin Kirista daga Rum sun isa Ingila a shekara ta 597, daga nan rubutu da waɗannan haruffa ya yi ta yaɗuwa. An ɗinka riga don wani, aka sa wa wani.

Na biyu, a shekara ta 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya taso daga yankin Normandi na ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Wajen shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a. Dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi, da irin nasu rubutun. Makiyaya, ga misali naku. Saniya mai rai “cow” ce, tsohuwar kalmar Ingilishi. Namanta kuwa “beef” ne, daga Faransanci. Tunkiya “sheep” ce, namanta “mutton”, ɗan'uwan “mouton” da ƴan lakwal ɗinmu suka sani.

Na uku, a shekara ta 1476 wani mai suna Wiliyam Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila. Sannu a hankali, bugun littattafai ya sa rubutun kalmomi ya tsaya wuri ɗaya. Amma baki bai tsaya ba. Tsakanin wajen shekara ta 1400 da ta 1700, yadda mutanen Ingila ke faɗin dogayen wasula ya sauya ƙwarai. Kalmar “name”, suna, a da ana faɗinta kusa da “nama” namu. Yau neim ce. “House”, gida, a da hus ne, yau haus. A da suna faɗin k na “knife”. Daga baya suka bari, amma suka ci gaba da rubuta shi.

Na huɗu, malamansu na da sun ƙara wasu haruffa don su nuna asalin kalma a Latin. Haka b ya shiga “debt”, bashi, wanda ake faɗi det.

Daga baya ƙamus ya zo ya ɗaure abin. Samuwel Jonson ya fitar da nasa a Landan a shekara ta 1755. A Amurka, Nowa Websta ya fitar da nasa a 1828, ya sauƙaƙa rubutun wasu kalmomi. Shi ya sa za ku ga “litre” a jikin wani galan, ku ga “liter” a jikin wani. Duk lita ce.

Namu rubutun fa?

Mu an yi mana sauƙi. Rubutun boko na Hausa bai tsufa kamar nasu ba, kuma masana sun zauna sun tsara shi. A shekara ta 1966 an yi taro a Bamako don daidaita haruffan Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci da harshen Buzaye. Inda haruffan Rum suka kasa, aka yi wa wasu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Shi ya sa “kafa” da “ƙafa” ba su rikicewa.

Amma mu ma muna da namu ɗan abin. Ba mu nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya a rubutu. “Gari” na mutane da “gari” na tuwo rubutunsu ɗaya. “Fari” na launi da “fari” na rashin ruwa haka. Mai karatu yana gane wanda ake nufi daga sauran maganar, domin ya san harshen. Haka mutumin Ingila ke yi da nasa. Ya riga ya san kalmar a kunne, rubutun tuna masa kawai yake yi.

Sunayen haruffa

Akwai wani wurin da ake samun saɓani. Sunan harafi daban ne a Ingilishi da Faransanci. Takin nan NPK 15-15-15, malamin gona na nan gida zai ce en-pe-ka. Mai kanti a Kano zai ce en-pi-kei. Taki ɗaya ne. Kun san gidan rediyon BBC, wanda ya soma shirin Hausa a 1957. Muna cewa Bi-bi-si, sunayen haruffan ke nan da Ingilishi.

Ku riƙe waɗannan uku. Harafin A sunansa ei. Harafin E sunansa i. Harafin I sunansa ai. In mai Ingilishi ya ce muku “i”, E yake nufi. Wurin cika takarda ko rubuta suna, wannan kan sa a ɓata sunan mutum. In ana rubuta sunanku, ku nuna katinku ko ku rubuta da hannunku.

Abin da za ku yi

Ba mu ce kowa ya koyi Ingilishi a wata ɗaya ba. Amma akwai kalmomin da suka shafi rai da dukiya. Ku san su da ido, yadda makiyayi ke sanin saniyarsa cikin garke ba sai ya ƙirga ƙafafunta ba.

POISON: guba. Ana cewa poizin.
DANGER: haɗari. Ana cewa deinja. Waɗannan biyu rubutunsu ɗaya a Faransanci, faɗin ne ya bambanta.
EXP: lokacin da magani ke lalacewa. In an rubuta EXP 06/2027, bayan watan 6 na shekara ta 2027 kada a yi aiki da shi.
MFG ko MFD: lokacin da aka yi maganin. Kada ku rikita shi da na sama.
NOT ko DO NOT: hani ne, wato kada.
DOSE: yawan abin da za a sha ko a bayar.
ANIMAL ko VETERINARY: na dabbobi ne, mutum ba ya sha.

In kun ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, ko jan layi a gindin kwalbar maganin ƙwari, guba ce mai ƙarfi, ko da ba ku karanta komi ba.

Ku yi hattara da lambobi a baki. “Fifteen” 15 ne, “fifty” 50 ne. Ɗaya fiftin, ɗaya fifti. “Thirteen” 13 ne, “thirty” 30 ne. A hayaniyar kasuwa kunne ba ya raba su. Wurin ciniki ko awon magani, ku ce a rubuta muku lambar. Lamba a rubuce ɗaya ce a Hausa da Ingilishi da Faransanci.

In kun gamu da kalmar da ba ku sani ba, kada ku yi kirdado, balle a kan magani. Ku kwafe ta a kaye, harafi bayan harafi. Wannan kun iya shi, kuma shi ne amfanin karatunku. Ku kai wa likita, ko malamin gona, ko malamin dabbobi, ko ɗanku da ke kolej. In ya faɗa muku, ku rubuta faɗin da haruffan Hausa a gefe, sannan ku rubuta ma'anar. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma ƴan lakwal, ku bar yi wa iyayenku dariya. Wanda ya karanta “rice” ya ce “rice” irin na Hausa, ya bi ƙa'idar da aka koya masa daidai. Ku gyara masa cikin ladabi.

Aikin wannan wata

Kowane ɗan aji ya ja layi biyu a shafin kaye, ya raba shi gida uku. Gidan farko na kalmar Ingilishi. Na biyu na yadda ake faɗinta. Na uku na ma'anarta da Hausa. Ku duba buhu, kwali, gwangwani ko kwalbar da ke gidanku, ku samo kalmomi 10. Ku kawo aji a haɗa su wuri ɗaya. Aji mai mutum 30 zai tashi da ɗan ƙamus nasa na kansa. Malamai ƴan'uwana, ku taimaka a gyara, ku aiko mana da kalmomin da suka gagara, za mu amsa a wannan fili.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa dabbobi lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.